Magulmaciyar da Ke Saman Murhun Mama

Yayana bai taɓa soya ko ƙwai ɗaya ba a rayuwarsa, amma shi ya zaɓi inda za a kafa na'urar jin hayaki a kicin ɗin mahaifiyarmu. Ya tsaya a tsakiyar kicin da takalminsa mai sheƙi, ya ɗaga yatsa ya nuna silin, daidai saman murhun gas. Hujjarsa wai a bakin ƙofa ake ajiye mai gadi, kuma murhu shi ne ƙofar gobara. Ya faɗa yana dubanmu ɗaya bayan ɗaya, yana jira a yaba. Matarsa ta yaba, dama aikinta ke nan.

Tun rasuwar Baba, Mama ita kaɗai take zaune a ɗan gidanta na saman bene, ɗaki biyu da falo. Kicin ɗin matsattse ne, in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya karkace, tagarsa ma rabi take buɗewa saboda bututun ruwan maƙwabta. Amma Mama ta san kowane cokali a cikinsa, kuma nan take jin daɗin duniya. Shi kuwa Yaya ya gina wani gansamemen gida, ya ware mata ɗaki mai banɗaki a ciki, ya ɗauki hotonsa ya nuna wa duk wanda ya yi kuskuren zama kusa da shi. Mama ta je ta gani, ta sa albarka, ta dawo gidanta. Wannan ne ya tsaya masa a rai. Abokansa na tambayarsa yaushe tsohuwa za ta tare, shi kuma ba ya da amsar da ta dace da girman motarsa.

Daga nan ya ɓullo da maganar tsaro. Aka liƙa na'urori a ƙofa da tagogi, aka kafa ta hayakin, aka haɗa duka da wani kamfani mai sa ido, aka kuma haɗa da wayar Yaya. Da zarar wani abu ya yi ƙara a gidan Mama, kamfani zai kira ta ya ji ko lafiya, shi ma saƙo zai faɗo masa duk inda yake.

Albasa ce ta fara tona mana asiri. Mama na cikin soya ta, abin ya tsandara ihu har maƙwabta suka fito da bokitai. Washegari kifi. Bayan nan biredin da ta ɗan gasa, sai kuma tururin tukunya da ta ɗaga wa murfi. Da fari dariya take yi. Ta raɗa wa na'urar suna magulmaciya, tana kaɗa mata tawul tana cewa ko tari mutum ya yi a gidan nan sai an kai rahoto. Ni ma na ce wa Yaya a matsar da ita can gefe, ya dube ni irin kallon da yake wa masu goge gilashin mota, ya ce abin da ban sani ba in bar wa waɗanda suka sani.

Sannu a hankali labarin ya canja a bakinsa. Ya daina cewa na'ura ta yi ƙara, ya koma cewa Mama ta sake mantawa da girki a wuta. Haka ya gaya wa Kawu, haka ya gaya wa duk dangin da ke ɗaukar wayarsa. Ni kuma sai ya kira ni da wata muryar zaman makoki, ya ce, "Auta, kin ga abin da nake gudu ko?" In ya zo gidan, sai ya durƙusa gaban Mama, ya sassauta murya, ya tambaye ta ko ta tuna lokacin da ta ɗora tukunyar. Ta tabbata tana tsaye a wurin? Ba ta ɗan shiga ɗaki ba? Ta tabbata? Wane ne za a yi wa tambaya ɗaya sau huɗu bai fara shakkar kansa ba? Ban taɓa ganin ladabi mai ban ƙyama irin wannan ba.

Dariyar Mama ta ɗauke. Ta daina suya, ta koma dafuwa, da tururi ya sake jawo ihu sai ta daina har dafuwar. Na same ta rannan a falo da butar lantarki a gefen kujera, tana cin busasshen biredi da shayi, matar da ta ciyar da mu duka har da abokan Yaya masu tambayar nan. Muna cikin hira ta tashi ta je ta taɓa makunnin gas, ta dawo, ba a jima ba ta sake tashi. Da na yi magana sai ta ce ƙila yayana ya fi mu gaskiya, mutum ba ya ganin lokacin da kansa ya fara tafiya. Ta ce ta amsa masa, ƙarshen wata za ta koma can. Kafin in rufe baki, direbansa ya kawo kwalaye.

Ranar Asabar da safe na je taya ta haɗa kaya. Yunwa ta kama ni, na ce bari in soya mana ƙwai. Na buɗe tagar iya buɗuwarta, na rage wuta, na tsaya ƙyam a kan kaskon ko juyawa ban yi ba. Ƙwan bai ma gama kama jikinsa ba magulmaciya ta ɗauka. Mama ta zabura daga falo tana cewa ba ita ba ce, wallahi ba ita ba ce, kamar yarinyar da aka kama da sata. Abin ya sosa mini rai ƙwarai.

Wayarta ta yi ƙara, kamfani ne. Na karɓa, Mama ta faɗa mini kalmar sirrin da suke tambaya na maimaita, sannan na sauke wa matar da ta kira duk abin da ke cikina. Ta bari na gama. Da muryar wadda ta gaji da maimaita magana ɗaya, ta ce ai ba a kafa mai jin hayaki a saman murhu, kowa a aikinsu ya san haka. A kicin, na'ura mai jin zafi ake sawa, ita ba ruwanta da suya ko tururi sai wuta ta tashi da gaske. Ta hayakin kuwa a hanyar shiga ɗakuna ake sa ta, nesa kaɗan da ƙofar kicin. Ta ce tun ranar kafawa aka gaya wa wanda ya yi rajistar, wato Yaya, ya ƙi. Kuma duk lokacin da ta yi ƙarar banza sai sun kira shi sun nemi ya bari su zo su matsar, amsarsa ɗaya ce: a bar ta inda take, a dai riƙa sanar da shi.

Ina ajiye wayar na ji takunsa a matakala. Saƙo ya riga ya same shi. Ya shigo da fuskar damuwar nan tasa, wadda nake zargin a aljihun mota yake ajiye ta, ya nufi Mama zai durƙusa. Na ce ya dakata, yau ni na yi girkin, kuma kaina ƙalau. Na maimaita masa abin da matar ta ce, kalma bayan kalma, a gaban Mama.

Sai borin kunya. Wai me 'yar amsa waya ta sani. Wai ni tun ina ƙarama ba ni da kunya. Wai zai sa a kori matar daga aiki. Daga nan sai ya gyara wuyan riga ya sauko da murya.

"To in ma haka ne, don wa na yi? Ɗaki na can a rufe, mutane na ta magana. Da na bi ta lallami, har abada ba za ta taso ba."

Ko a jikinsa. Yana faɗa yana duban kwalayen, yana ƙiyasta ko za su shiga bayan mota.

Mama tana zaune a kan wani kwali da muka cika da kwanuka, hannayenta a cinya. Da ta yi magana, ba ta ɗaga murya ba.

"Babba, wato kaina lafiya yake?"

Ya ce shi ai bai taɓa cewa ba lafiya ba, shi dai kiyayewa yake.

"Kullum na farka," in ji ta, "kafin in sauko daga gado sai na jera sunayenku, da na 'ya'yanku, da ranar da na haifi kowa, don in ji ko an fara ɗebe mini. In na yi tuntuɓe a ɗaya, ranar ba na iya cin abinci. Da naka nake farawa."



Mama ta ce mini in kira matar nan in ce su zo su gyara aikinsu yadda suka sani, kuma su cire lambar kowa su bar tata. Sannan ta miƙa masa tafin hannunta, ta ce ya ba ta makullin gidanta da ke wurinsa. Ya tsaya yana kokawa da zoben makullan, farcensa na zamewa, ita kuwa ba ta sauke hannun ba har ya ciro shi ya ɗora mata.