Murhu Mai Gajerun Ƙafafu

Akwatin da ke ƙarƙashin gado ne ya tona wa Mai Darma asiri. Matarsa ta durƙusa za ta share ƙasan gadon, ta ja akwatin da hannu ɗaya, ya ƙi motsi. Ta sa hannu biyu, ta tokare ƙafa a jikin bango, ko gezau. Ita kuwa ba macen da kaya ke yi wa gardama ba ce. Mace ce mai jiki, wadda in ta shiga motar haya sai kowa ya muskuta. Da ta ɗaga murfin sai ta ga darma maƙil: guntayen tsohon bututun ruwa, da 'yan dunƙulen da ake maƙala wa ƙafar mota waɗanda mai facin taya ke zubarwa, da wasu lanƙwasassun falle-falle da aka ɓamɓaro daga rufin tsohon gini.

Yana tsakar gida ya ji ta ce, "Malam, zo ka ga wani abu." Daga muryar ya san abin da zai gani.

Mai Darma dai sunan ne kawai ya rage masa. A da shi ke zuba 'yan nauyin da ake jerawa a bakin birgi, ragar nan da masunta ke wurgawa ta buɗe a kan ruwa. Matarsa ke saƙa ragar, shi ke narka darmar. Wata rana ƙafar murhun gawayinsa ta lanƙwashe, kaskon ya kife a kan ƙafarsa ta hagu. Ya warke da ɗingishi, ita kuma ta rantse ba za a sake narka darma a gidanta ba. Tun daga nan na kasuwa suke saye, masu kaifin gefe da ke cin zare, shi kuma ya koma zaman rumfarta yana auna wa mutane igiya. Shekaru sun shuɗe a haka. Bai taɓa yin ƙorafi ba, amma duk wanda ya san shi a da ya san rabin mutumin ne ke zaune a rumfar.

"Tun yaushe kake tarawa?" ta tambaye shi.

"Ai ba tarawa nake ba, uwar yara. Gani nake an yar da ita a ƙasa, sai tausayinta ya kama ni."

Ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallon akwatin, sannan ta rufe shi.

"Gawayi dai kun rabu har abada. In murhun gas ne, mu je tare in gani da idona. In na samu wanda hankalina ya kwanta da shi, ka koma aikinka. In ban samu ba, mai gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, ya zo ya kwashe wannan, kuma kada in sake jin maganar."

Ai Malam bai bari ta kai aya ba ya shiga neman hularsa. Murna ta cika shi har ya sa rigar a bai-bai, sai da ta juya masa ita. A hanya kuwa, mutumin da kullum ake jira saboda ɗingishi, yau shi ke gaba yana waiwayowa yana ce mata ta ɗaga ƙafa.

Shagon yana layin masu kayan ƙarfe, dogo ne ciki, tukwanen gas jere a ƙofa, tiyo a rataye kamar igiyar shanya. Mai shagon mutum ne mai fara'a da saurin baki.

"Sannunku da zuwa, Baba, Mama. Na girki ake so?"

"Na darma," in ji Malam, yana faɗin kalmar da ƙarfi kamar mai sanar da haihuwa. "Narka darma zan yi."

"To ai ka zo gidan wuta."

Ya jawo wani dogon murhu mai sheƙi zuwa bakin ƙofa, ƙafafunsa uku sun kai gwiwar mutum. Ya haɗa tiyo, ya murɗa, ya ƙyasta. Wutar ta tashi shuɗiya shar tana gurnani, har mai shayin da ke tsallake ya leƙo. Zafin ya daki fuskar Malam, ya ji tsigar jikinsa ta tashi. Shekara nawa ya yi yana fifita gawayi har idonsa ya yi ja, ga shi nan yanzu wuta a yatsa biyu. Ya roƙi a bar shi ya murɗa da kansa. Ya rage, ya ƙara, ya rage, ya ƙara, yana dariya shi kaɗai.

"Uwar yara, kin ji kukanta? Wannan kafin ki ƙifta ido ta narkar da akwatin nan duka."

Uwar yara ba wutar take kallo ba. Ta ɗan sunkuya tana duban ƙasa.

"Nauyi nawa yake ɗauka?" ta tambayi mai shago.

"Mama, tukunyar taron jama'a ake ɗora masa."

"Tukunyar ruwa ke nan. Kashe shi ya huce."

Malam ya sunkuyar da kai. Ya fi kowa sanin cewa ɗan kaskon darma da bai wuce kwanon cin abinci ba ya fi bokitin ruwa nauyi, kuma nauyin a wuri ɗaya yake taruwa. Da ƙafarsa ya koyi wannan karatun. Amma wutar ta ɗauke masa hankali har ya manta.

Da ƙarfen ya huce, ta ɗauki wani kwali ta shimfiɗa a kai, ta gyara zaninta, ta juya baya, ta zauna.

"Mama, ba kujera ba ce fa," in ji mai shago, yana miƙa hannu kamar zai tare ta.

"Na sani, ɗana. In ya karye nawa ne."

Murhun ya yi ƙara ƙiiƙ, ƙafa ɗaya ta fara baɗewa waje a hankali. Ta miƙe tun bai kai ƙasa ba, ta kalli mijinta. Mai shago ya taka ƙafar ya mayar da ita, yana cewa gaskiya shi tunda yake bai taɓa ganin irin wannan gwaji ba. Daga nan abin ya fara ba shi sha'awa, shi da kansa ya shiga jawo mata wasu.

Ya kawo mai kai biyu irin na kan tebur. Ta zauna, gwangwaninsa ya lotsa ya yi ɓam, ya dawo da ta tashi. Ya kawo ƙarami wanda ake ɗaurawa a kan tukunyar gas, ko kallonsa ba ta yi ba. Ya kawo wani mai ƙafa huɗu, wannan bai lanƙwashe ba, amma da ta ɗan jirkita sai ya bi ta gefe. Kafin wani lokaci mutane sun taru a ƙofar shago, mai shayi da masu ɗaukar kaya da wata mai sayen tiyo da ta manta abin da ya kawo ta. Duk wanda ta zauna a kai sai a yi tsit, in ya yi ƙara sai a fashe da dariya.

Malam ne kaɗai ba ya dariya. Kowane murhu da aka ture gefe, ji yake kamar kurar mai gwangwan na ƙara matsowa ƙofar gidansa. Tsoro ya kama shi sosai. Ya daina kallon kawunan murahun, ya tattare rigarsa ya durƙusa, ya shiga leƙa ƙarƙashin kantoci yana duban ƙafafu kawai. Can a lungu, bayan wasu kwalaye, ya hango ƙafafu huɗu gajeru masu kauri, an haɗe su da sanduna ta kowane gefe. Ya jawo shi da ƙyar. Mummuna ne, baƙi, duk ƙura, waldarsa kamar tabon gyambo, tsayinsa bai wuce taƙi ɗaya ba.

"Wannan ya daɗe nan," in ji mai shago. "Masu suya ba sa son shi, wai sai an sunkuya. Wutarsa ma ba ta kai ta wancan ba."

"Kunna mu gani," in ji Malam.

Wutar ta fito zagaye, shuɗiya, ba gurnani sai ɗan huci. Malam ya kara tafinsa daga nesa, ya murɗa ta ƙasa, ta bi shi a hankali ba ta mutu ba.

"Ta isa," ya ce. "Darma ba ta son hauka. In wuta ta yi yawa hayaƙinta ne ke shiga ƙirjin mutum. Uwar yara, zo ki gwada wannan."

Aka jira ya huce. Ta shimfiɗa kwalinta ta zauna. Shiru. Ta jirkita dama, ta jirkita hagu. Ta ɗaga ƙafafunta biyu sama. Ta ɗan tashi ta sake faɗawa da duk nauyin da Allah ya ba ta. Murhun bai ko san an zauna ba. Jama'a suka ɗauki tafi, Malam na neman ya rungume mai shago, amma ita fuskarta ba ta saki ba.

"Malam, zo ka hau."

Ya cire takalmi, ya dafa kafaɗarta ya hau.

"Ɗaga ta daman."

Ya ɗaga. Ya tsaya a kan ƙafar hagun ita kaɗai, da tabonta fari mai sheƙi wanda bai cika bari a gani ba. Dariyar ƙofar shago ta ɗauke. Ita kuwa ba murhun take kallo ba, ƙafar take kallo, ta daɗe a haka.

"Ɗaure mana shi," ta ce wa mai shago. "Da tiyo mai tsawo, tukunyar gas ɗin ta yi nesa da wutar."

Washegari da hantsi aka tura jikoki gidan iyayensu. Malam ya kafa murhun a filin bayan gida inda iska ke wucewa, ya ba iskar baya. Tun jiya ya shanya darmar a rana, don ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya sa ta yi tsartuwa. Ya sa takalmin fata mai rufe idon sawu, da safar hannu, da abin rufe hanci, duk ita ta tsaya a kan sai ya sa. Ya ɗora kaskon ƙarfen da ba zai taɓa ganin abinci ba, ya jera guntayen a ciki, ya kunna.

Da farko ba abin da ya faru. Can sai wani guntun bututu ya sunkuyar da kai, ya zube, sauran suka bi shi. Ya kwashe dattin sama da ludayi, sai ga ta nan a ƙasa tana ƙyalli kamar madubi. Daɗi ya kusa kashe shi. Ya ɗumama mazubinsa na da, ƙarfe biyu masu ramuka da ake haɗewa, ya ɗebo ya zuba, hannun ya tuna aikinsa. Da ya buɗe, sai ga 'yan nauyi a jere, sumul, kowanne da ramin zarensa.

"Uwar yara, dubi," ya ce yana juyowa.

Ba ta nan. Kujerarta kawai ya gani. Ya ce a ransa ta kasa jure kallo, ƙila ma ta canza shawara. Yana shirin kashe wutar sai ya ji ana jan wani abu a kan siminti. Ita ce, da baya take tahowa, tana jan tsohon bokitin fenti daga ɗakin da take ajiye buhunan zarenta. Ta dire shi nesa kaɗan da murhun, tana haki, ta cire murfin. Darma ce har baki.

"Wannan fa?" ya tambaya.

"Ni ma tausayinta nake ji."

Ta jira ɗaya daga cikin sababbin ya huce, ta ɗauka tana murza shi a tafinta tana neman kaifi, ba ta samu ba.

"Tun da ka daina, birgina bai ƙara buɗewa daidai a kan ruwa ba," ta ce. "Masunta ba su faɗa ba, amma ni na sani."

Malam ya juya ga kaskon. Ya gode wa Allah da abin rufe hancin ya ɓoye masa rabin fuska. Ita kuwa ta jawo kujerarta ta zauna ta inda iska ke fitowa, ta ɗora raga a cinya, ta zura zare a ɗan nauyin farko.

"Me ka tsaya kallona?" ta ce. "Wannan ragar kaɗai za ta cinye wanda ka zuba, kuma akwai wasu a ɗaki."