Jirgin da Delbert Ya Zaɓar Mini

Shekarar da na bar aiki a kamfanin casar shinkafa, tsohon kwale-kwalen babanmu ya ruɓe har ya ƙi gyaruwa. Ƙanena Delbert ne ya ɗauke ni a motarsa zuwa wurin dillalin jirage, nan bakin tafkinmu a kudancin Arkansas.

Ni idona na kan ƙaramin jirgin alminiyam mai shimfiɗaɗɗen gindi, wanda ko ruwa iya ƙwauri ne zai bi ya wuce. Da irinsa kaɗai ake shiga Lungun Agwagi, fadamar da Baba ya bar mana mu biyu. Itatuwan cikinta sun girmi kakan kakanmu, a gindinsu muka koyi kamun tarwaɗa.

Delbert ya ja ni wurin wani babban jirgi, faffaɗan daɓe a kan dogayen tankuna biyu, da rumfa da kujeru masu laushi.

"Yaya Hoyt, ka ji tausayin gwiwar nan taka," ya ce. "Kai da matakala uku ta coci ke ba ka wuya? Ka miƙe tsaye a cikin wancan kwanon, sai dai mu tsamo ka da ƙugiya."

"Wannan ɗakin naka ba zai shiga Lungu ba."

"Me ka ajiye a can? Ni ina leƙawa. Ka sayi wanda Verna za ta zauna ta miƙe ƙafa."

Verna matata ce, shekara arba'in tana tsoron ƙananan jirage. Da na tuna da ita sai na saki, na sayi babban. Har daɗi na ji cewa ƙanena na tunanin lafiyata.

Shekara biyu muna yawo a tsakiyar tafki, muna cin soyayyen kifi da burodin masara. Duk sanda na tambayi Lungu, Delbert kan ce, "Yana nan yadda ka san shi, sauro ne kawai ya ƙaru."

Wata Asabar da hantsi maƙwabcina Orval zai duba ƙugiyoyinsa, na ce ya tafi da ni a ƙaramin jirginsa, mu bi ta Lungu. Ya gyara hula, ya ce in hau.

Tun daga mashiga na ga haske ya yi yawa. Wurin da rana ba ta taɓa sauka ba ya zama fili, kututture ko'ina, wasu har ciyawa ta fito a kansu. Orval ya kashe inji.

"Yaushe?" na tambaye shi.

"Wata guda bayan ka sayi jirginka. Mun ɗauka da saninka, Hoyt."

Ban koma gida ba, gidan Delbert na wuce. Na same shi yana wanke mota.

"Na je Lungu," na ce.

Ya rufe famfo. "Takardar wakilcin da ka sa wa hannu lokacin aikin gwiwarka, da ita na sayar wa masu katako itatuwan. Na san ba za ka yarda ba."

"Ran da ka kai ni wurin dillali, ka riga ka gama magana da su?"

Ya dubi ƙasa. "Amma batun gwiwar gaskiya ne, Yaya."

Wannan maganar ta fi kututturen yi mini ciwo. Na juya na shiga mota.

Ranar Litinin na je wurin lauya aka soke takardar. Ban kai shi ƙara ba, Verna ta roƙe ni saboda 'ya'yansa. Har yanzu coci ɗaya muke zuwa, shi a bencin baya. Yakan gaishe ni a bakin ƙofa, in amsa.

Da ruwa ya janye a ƙarshen shekara, ni da Orval muka shiga Lungu da dashen itatuwa tamanin a bokitai. Goma sha tara suka kama.