Fanka Mai Fiffike Ɗaya

"Mai kayan ya yafe?"

Malam Mika'ilu bai ko ɗago kai ba da ya yi tambayar. Matar da ta kawo buhun ta ce nata ne, ta yafe, sannan ya yi wa Hadizatu nuni da haɓa ta zazzage. Abin da ya zubo shi ne abin da ke zubowa kullum: matattun batura, fitilar sola da ta daina kama caji, wayoyin hannu masu fasasshiyar fuska, butar roba da wuta ta lanƙwashe mata baki. Hadizatu ta durƙusa tana warewa, roba gefe, ƙarfe gefe, batura cikin tsohon bokitin fenti.

Da wannan tarkacen takiyyarsu ta Umbadda take ciyar da mutane. Takiyya tukunyar unguwa ce, inda duk wanda yaƙi ya bari da kwano ba abinci yake zuwa ya karɓi miyar adas, wani ɗan ƙaramin wake, da burodi. Da taimakon 'yan'uwa na ƙasashen waje ya ja baya, sai Malam Mika'ilu ya gano wani ɗan hurda, mai sayen abin da kowa ya raina. Yana cire dalma daga batura, ya kwance tagulla daga cikin inji, robar kuma ya niƙa. Amma malamin ya kafa doka guda. A garin da aka daɗe ana kwashe gidajen mutane ana bajewa a kasuwa, shi ba zai ciyar da marayu da kayan sata ba. Ko murfin biro ne, sai mai shi ya buɗe baki ya ce ya yafe. In mai shi ya rasu, magajinsa ya faɗa. Matan takiyya har tsiya suke yi masa, wai in ƙuda ya faɗa tukunya sai an nemo magajinsa kafin a zubar.

Ranar dai adas ɗin ya yi ruwa har ana hango gindin ludayi, layin kwanoni kuwa ya kai bakin masallaci.

"Ya Hadizatu," in ji malamin, murya ƙasa-ƙasa, "yau Mazin zai tsallaka Khartoum da motarsa. Na ce ko za ki bi shi ki leƙa gidanku na Alsahafa. Ɗakin aikin Salih..."

"Mai kayan bai yafe ba, Malam. Tafiya ya yi."

"Na sani. Je ki dai ki gani. Gani ba ɗauka ba ne."

Salih mijinta ne, mai gyaran fanka, mutumin da bai taɓa yar da komai ba. Duk fankar da mai ita ya haƙura ya bar masa, sai ya jibge ta a ɗakin bayan gida, wai wata rana ƙusarta za ta ceci wata. Da harbi ya kai unguwarsu ya sa ta a mota zuwa Gadarif, ya ce zai tsare gidan kwana biyu ya biyo ta. Wayarsa ta yi ta shiga har farkon damina, daga nan ta daina. Da gari ya lafa Hadizatu ta dawo, amma ta sauka a Umbadda wajen ƙanwarta Hafiza, ba ta taɓa tsallaka gadar kogi zuwa Khartoum ba. Tsoro take ji, ta kuma san tsoron mene ne.

A nan in an haɗu da wanda aka yi wa mutuwa ba a fara da magana. Tafin hannu ake ɗagawa a ce Fatiha, shi ma ya ɗaga nasa. Mutane da dama sun fara ɗaga mata hannu tun dawowarta, ita kuwa amsarta ɗaya ce: "Sauke hannunka, ba a yi mutuwa ba." Kowa kuma saukewa yake yi, da kunya.

Ta shiga gaban motar ne don ta gaji da kallon gindin ludayi.

Mazin mutum ne mai surutu, amma suna sauka daga gada ya kashe rediyo. Benaye sun yi baƙi, tagogi ba gilashi. Gefen titi duk an haƙe shi dogon rami inda ɓarayi suka zaƙulo wayar lantarki. Jefi-jefi sukan wuce mace tana share ƙofar gida, ko dattijo zaune a kujera yana kallon titin da ba kowa. Hadizatu ta yi shekara ashirin da wani abu a Alsahafa, amma sai da ta sa Mazin ya yi ribas sau biyu, don itacen darbejiya da take gane kwanarsu da shi an sare.

Gidan ba ƙyaure. Ciyawa ta fito a tsakar gida har gwiwa ta bushe a tsaye. An fasa bango an zare waya, an bar dogayen tsagi kamar ƙaya ta yagi fata. A ɗakin aikin Salih ɓarayi sun kwashe mai kyau sun bar abin da ko ɓarawo ya raina: ƙwaryar fanka, ragar ƙarfe, maɓallan roba, batura da suka yi farin gishiri.

"Wannan ai tukunyar sati guda ce, ya hajja," in ji Mazin.

"Tara su wuri ɗaya kawai. Ban ce ka loda ba."

Sai ta ji ƙarar. Ƙyas. Shiru. Ƙyas. Haka Salih yake ƙwanƙwasa sukudireba a jikin inji kafin ya buɗe shi, kamar mai sallama. Ta kasa kunne.

"Usta?" ta kira, da sunan da duk unguwa ke kiransa, don ita ba ta taɓa kama sunansa ba.

Daga ɗakin kwanansu ƙarar take fitowa. Ba gado, ba katifa, ba labule. Fankar sama ce kaɗai ta rage, tana rataye da fiffike ɗaya. Iska na shigowa ta inda rufi ya huje, ta tura fiffiken ya yi rabin zagaye, ya dawo ya bugi wani abu. Ta tsaya tana kallonsa har wuyanta ya ƙage. Haushi ne ya fara kama ta. Wane irin ɓarawo ne zai kwance fiffike biyu ya bar injin da tagullar take ciki?

Ta fito ta zagaya bayan itacen lemun tsami don ta sha iska, sai ga su. Fiffike biyu, an kafa su a ƙasa a tsaye, ɗaya nan, ɗaya can gaba kaɗan, ciyawa ta kusa rufe su. Ta ce a ranta aikin yaran unguwa ne, sun samu gidan da ba kowa sun yi wasansu. Hannunta ya riga ya saba, in ya ga alminiyam ba ya shawara da ita. Ta kama na kusa ta jijjiga, ƙasa ta riƙe, ta ƙara ƙarfi ya fito.

"Hadizatu?"

Ta juya da fiffiken a hannu. Baba Almahdi ne, maƙwabcinsu, tsaye a inda katanga ta rushe. Ya rame har jallabiyarsa ta zama kamar ta aro. Ya dubi fuskarta, ya dubi abin da ke hannunta, ya dubi ramin da ta bari a ƙasa. Ya ɗaga tafin hannuwansa biyu.

"Sauke hannunka, Baba," ta ce. "Ba a yi mutuwa ba."

Bai sauke ba. Leɓunansa na motsi, ya karanta Fatiharsa har ƙarshe ya shafa.

"Ma'alesh, 'yata, ki yi haƙuri," ya ce. "Ruwa ya fita nema, farkon damina. Dana, harsashin igwa, ta faɗi a bakin kwana, ɓarɓashinta ya same shi a nan." Ya taɓa gefen wuyansa. "Bai sha wuya ba, wallahi. Hanyar maƙabarta a rufe take, ko kare ba ya bi. Ni da wani bawan Allah muka yi masa wanka muka yi masa salla. Dutse babu, katako an ƙone. Sai na hau gadonku na kwance waɗannan. Na ce mutumin fanka ne, ba zai ƙi ba."

Hadizatu ta dubi ƙasar da take tsaye a kai. Damina biyu sun daidaita ta, har ta ɗan lotsa. Ta ja ƙafarta baya a hankali.

"Na nemi inda kike, ban samu ba. Wayarsa ɓarayi sun tafi da ita." Ya nuna fiffiken. "Wannan na wajen kai ne."

Ba ta yi ihu ba. Ta durƙusa ta mayar da fiffiken raminsa, ya ƙi zama, ƙasar ta bushe ta yi tauri. Ta kwance gorar ruwan da ta zo da ita ta tsiyaya a gindinsa, ta danna da hannu biyu har ya tsaya. Sauran ruwan ta yayyafa daga wannan fiffiken zuwa wancan. Daga cikin ɗaki ƙarar ta sake fitowa, ƙyas, sai a lokacin kuka ya zo mata, ta yi shi sosai, goshinta a jikin itacen lemun.

"Injin ma sun so ɗauka," in ji Baba Almahdi bayan ta lafa. "Sun shiga suka ga tana motsi ba wuta, suka fito da baya. Ni ma, gaskiya, ba na son jin ta."

Ta share fuska da bakin mayafi, ta kira Mazin, wanda ya koma can bakin ƙofa ya juya baya.

"Loda," ta ce. "Ka nemi abin takawa ka sauke fankar ɗaki ma."

La'asar ta yi sanyi da suka iso Umbadda. An wanke tukwane an kife, mata na tsintar adas ɗin gobe, ɗan abin da ya rage. Mazin ya sauke kaya a gaban Malam Mika'ilu, ya ɗora fankar a sama da fiffikenta ɗaya. Malamin ya dubi tulin, ya dubi gwiwoyin Hadizatu da jar ƙasa ta manne musu. Tun da ya kafa dokarsa bai taɓa jin nauyinta ba sai yau.

"Yi tambayarka, Malam," ta ce.

"Mai kayan... ya yafe?"

"Na yafe."

Tsintar adas ta tsaya. Malam Mika'ilu ya ajiye carbinsa ya ɗaga tafin hannuwansa, matan suka ɗaga nasu ɗaya bayan ɗaya. Hadizatu ta dubi hannuwan nan da ta yi ta saukewa, sannan ta ɗaga nata.

Da aka shafa, ta cire 'yan kunnenta ta damƙa wa ƙanwarta.

"Hafiza," ta ce, "duba min cikin kayanki ko akwai farin mayafi na takaba."