Tiyar Malam Ummaru

Na yi acaɓa, na yi cajin waya, na yi wata huɗu a Abuja ina dakon bulo. Babu inda na taɓa cika shekara sai rumfar Alhaji Ɗanjuma a kasuwar Dutsin-Ma, inda nake awon hatsi. Aikin ba shi da wuya. Tiya, wato kwanon awo, biyu gare mu: mai zurfi ta sayen gero a hannun manoma, da wadda aka ɗan buga wa guduma a gindi, ta sayarwa. Rabin layinmu haka ake yi, har an gaji da ɓoyewa.

Da azumin bana limamin masallacin layin ya kawo mana ƙissar Annabi Shu'aibu, alaihis salam, da mutanensa masu tauye mudu. Alhaji Ɗanjuma har da hawaye. Da muka fito ya ce, "Wallahi da a zamaninmu aka aiko shi, ni zan fara ba shi masauki." Kowa ya ce haka ne. Muka koma rumfa muka ci gaba da awo.

Bayan salla, maƙwabciyarmu ta ƙauyenmu Birchi, Inna Hassana, ta sayi tiya biyar ta gero a wurina. Da ta isa gida ta ari tiyar mahaifina, Malam Ummaru, don ta raba wa surukanta, sai geron ya tsaya a huɗu da rabi. Baba ya tambaye ta wa ya auna mata. Ta faɗa mashi. 

Kasuwa ta gaba sai ga shi, da tsohuwar tiyarsa a cikin buhu. Ya shimfiɗa buhun a bakin layin hatsi ya zauna. Duk wanda ya fito da awo sai ya ce, "Zo in sake auna maka, kyauta ne." Mata suka fara tsayawa. Yakan auna a hankali, ya ɗaga kai ya ce, "Saura kaza, ɗiyata. Koma ki karɓo." Ba ya zagi, ba ya kiran sunan kowa.

Kasuwa uku yana haka. Alhaji Ɗanjuma ya ce mani, "Labaran, tsohonka ya rasa aikin gona ne? Ka ce mashi in goro yake so, ga shi, ya bar mu mu nemi abinci."

Na same shi na durƙusa. "Baba, don Allah ka rufa mani asiri."

"Asirinka nake rufewa," ya ce, yana kakkaɓe tiyar. "Ka ci abinci?"

A kasuwa ta huɗu wani mai awo ya tsaya kansa yana ihu, wai wa ya naɗa shi alƙali. Baba ya ce, "Ba wanda ya naɗa ni. Magana ce tsohuwa. Abin da aka aiko Annabi Shu'aibu da shi ke nan, shi nake tuna maku." Sirajuddeen, mai shagon waya a tsallaken titi, yana ɗaukar bidiyo da wayarsa. Ya yanke farkon maganar da ƙarshenta, ya rubuta a sama cewa wani tsoho ya yi da'awar annabta a Dutsin-Ma, ya saka a intanet. Daga baya ya rantse mani wasa yake, yana neman mabiya ne kawai.

Kafin la'asar layin hatsi ya cika da mutanen da ban taɓa gani ba, wasu da duwatsu, kusan kowa da waya a sama. Alhaji Badamasi, shugaban 'yan awo, ya ja Baba cikin ɗakin ajiyar buhuna ya kulle ƙofar ƙarfe, ya aika a kira ni.

Na tarar da Baba zaune kan buhun masara, hularsa ta faɗi, tiyar tana kan cinyarsa. Ana dukan ƙofar daga waje kamar ana sussuka.

"Baba, ka ce kai annabi ne?"

"A'uzu billahi. Ni da ko izu biyar ban haɗa ba? Ka tambayi waɗanda suka ji."

Alhaji Badamasi ya ce, "Waɗanda suka ji su ne masu tiyar, Malam. Wa kake ganin zai fito ya yi maka shaida?" Ya juyo gare ni. "Na kira jami'an tsaro, amma kafin su iso ƙofar nan ta tafi. Hanya ɗaya ce. Ka fita ka ce masu tsohonka ba shi da lafiya, kansa ya taɓu. Ba a kama mahaukaci da laifi. Kai ɗansa ne, za su yarda."

Baba ya dube ni. "Labaran, ka fita ka faɗi gaskiya. Ka ɗauko tiyoyinku biyu ka nuna masu, su ga abin da ake magana a kai."

"Baba, ba tiya suka zo gani ba."

"To in ka ce ni mahaukaci ne, wa zai sake kawo mani awo?"

"In suka karya ƙofar nan fa?"

"Rai na Allah ne."

Wani dutse ya faɗo kan kwanon rufin, ƙura ta zubo mana a kai. Na tsaya ina kallon ƙafafunsa, faso ya tsattsage su, takalminsa ɗaya babu. Shekara saba'in da wani abu, ba wanda ya taɓa kai ƙararsa wurin mai gari.

Alhaji Badamasi ya buɗe ƙofar kaɗan, na fita, na hau kan benci.

"Jama'a, ku yi wa Allah ku saurara. Mahaifina ne. Ba shi da lafiya, tun rasuwar mahaifiyarmu kansa ya taɓu. Muna nema mashi magani."

 Sai Alhaji Ɗanjuma ya ɗaga murya daga rumfarsa, "Gaskiya ne, mu shaida ne. Mun daɗe muna haƙuri da shi." Sauran masu awo suka amsa. Wani ya ce, "Allah sarki, tsufa." Duwatsun suka fara faɗuwa ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Wani saurayi ya yi tsaki, ya ce an ɓata mashi caji a banza.

Na ari babur na ɗauki Baba. Tun daga Dutsin-Ma har Birchi bai riƙe ni ba, ƙarfen baya ya riƙe. A ƙofar gida ya sauka ya ce, "Allah ya yi albarka. Ka koma tun da sauran rana, hanyar nan ba ta da kyau."

Na ɗauka ya bari ke nan. Kasuwa ta gaba sai ga shi ya sauko daga motar haya, ya shimfiɗa buhunsa a wurin da ya saba.

Ba wanda ya kore shi. Alhaji Badamasi ma ya sa aka kafa mashi 'yar inuwa da leda. Masu awo suna wucewa suna gaishe shi, "Baba alƙali, an fito?" Wani ya ajiye mashi goro, wani ƙosai. Sirajuddeen ya zo da wayarsa ya tsuguna, "Baba, ɗan yi mana wa'azin nan na ranar, mutane suna ta tambaya." Baba bai ko dube shi ba.

Wajen azahar wata mata ta fito daga rumfarmu da dawa a kanta, ni na auna mata. Baba ya ce, "Ɗiyata, zo in sake auna maki." Ta ɗan tsaya. Abokiyar tafiyarta ta ja mayafinta ta ce, "Ke, wuce. Ba shi ne wanda ɗansa ya ce kansa ya taɓu ba?"

Suka wuce. Baba ya goge cikin tiyar da hannun rigarsa, ya mayar da ita kan buhun. Daga inda nake ina hango shi har aka tashi kasuwa, kuma ba wanda ya tsaya.