Salansar Motar Sabi'u

"Na ce ba wanda zai taɓa ta! Ko sai na faɗa da Larabci za a ji?"

Ummaru ke nan, tsaye a filin bayan gida, ya dafa tsohuwar motar ƙanensa marigayi Sabi'u kamar wani zai ɗauke ta a aljihu.

"Yaya, ai ba sayarwa na ce a yi ba," in ji Haulatu, matar marigayin, wadda kwananta tara da fita takaba. "Hussaini direba ya ce in aka ɗinke salansar, zai riƙa jigila da ita tsakanin Kusada da Kankia, su Rauda, ɗiyan nan, su samu na sawa a baki."

"Hussaini! Hussaini ubansu ne? To ki ji da kyau. Ina raye, ba wani ƙato da zai shiga ƙarƙashin motar ƙanena."

Gwaggo Kubura, ƙanwar mahaifinsu, tana zaune kan kifaffen turmi tana ɓarar gyaɗa. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "To kai shiga mana, Ummaru. Ko kai ma ƙaton ne?"

Ummaru ya yi kamar bai ji ba.

Ana ta cewa kishi na mata ne. Wanda ya faɗi haka bai zauna da Ummaru ba. Shekara biyar ya ba Sabi'u, shi ya riƙe gonar gado, shi ya ci da gidan tun rasuwar tsohonsu. Sabi'u kuwa bin motocin kasuwa ya yi ta yi, ana ce masa ɗan tasha, sai ga shi wata rana ya shigo gari da motar kansa. Tsohuwa ce, ƙofar baya da igiya ake ɗaure ta, amma mota ce. Daga ranar, biki Sabi'u, suna Sabi'u, mai naƙuda Sabi'u. Da ciwon mahaifiyarsu ya tsananta, a motar aka riƙa kai ta asibiti Kankia, har ta koma ga Allah bakinta bai daina "Allah ya yi wa Sabi'u albarka" ba. Tuwon da take ci tana sa albarkar kuwa, geron Ummaru ne. Wannan bai taɓa wuce masa a maƙogwaro ba.

Da zazzaɓi ya ɗauke Sabi'u a farkon damina, Ummaru ya yi kuka, kuka na gaskiya, ba mai ce bai yi ba. Sai dai kafin a ɗauki makara makullin motar ya riga ya shiga aljihunsa. Ya sa aka tura ta can kusurwar da ruwan makwararar gida ke taruwa, ya ce ajiya ce. Wata huɗu da kwana goma Haulatu na ɗaki ba halin magana, motar na jiƙe a taɓo har ciki. Shi bai iya tuƙi ba. Amma matan maƙwabta, da Allah ya hore wa dogon wuya, sun ce da hantsi yakan shiga ya zauna, ya kama sitiyari yana murzawa, yana yin ƙugin injin da bakinsa.

Haulatu ta dubi motar, ta dube shi. Can ta ce, "Ƙato ka ce, Yaya?"

"Ƙato na ce."

"To."

* * *

Washegari da ya dawo daga gona sai ya tarar an turo motar busasshen wuri, an ɗora ƙafafunta na baya kan bulo, an tare na gaba da duwatsu. Matan gida ne suka yi wannan aika-aika, har da tasa matar, wadda tana hango shi ta shige madafa. Daga ƙarƙashin motar kuma ƙafafu biyu ne suka leƙo, cikin wandon marigayi, an ja zane an rufe har idon sawu.

"Inna lillahi! Gwaggo, kina zaune mace ta shiga ƙarƙashin mota?"

"Ina zaune daram. Ai ba ƙato ba ce."

Ya durƙusa ya leƙa. Haulatu na kwance kan buhu, tsatsa ta zubo mata a fuska har ta koma ja. Da tsohuwar wuƙa take kankare bututun, ɓawon tsatsa na faɗowa kamar ƙanzo. Inda ruwa ya fi ci, ramin ya isa a zura yatsu uku.

"Ke, ina kika san wannan?"

"Shekara goma sha ɗaya ina miƙa wa marigayi filaya, Yaya. Ko akuya ce ai ta koya."

Ta jawo babban gwangwanin tumatir da ta farke da almakashi ta buɗe shi kamar faifai. Ta shafe bakin ramin da yumɓu kwaɓaɓɓe da toka, ta naɗa gwangwanin a kai zagaye biyu, ta ɗaure da waya wuri huɗu, tana murɗa kowace da filaya har sai ta ji ta yi ƙara. Robar da ke rataye da tukunyar salansar ta tsinke tuni, sai ta yanko tsohuwar taya ta huda, ta maƙala a madadinta.

"Wannan zai kai ta wurin mai walda a Kankia," ta ce, ba shi take wa magana ba. "Haka yake yi."

Haka yake yi. Ummaru ya ji maganar har tsakiyar kansa. Mutum na kabari, amma hannunsa na nan yana aiki a gidan. Ya tuna tasa matar, shekara ashirin ba ta san ko inda ake zuba wa babur ɗinsa mai ba. Ya tsaya yana jiran wayar ta tsinke, ko gwangwanin ya zame, ko Haulatu ta fashe da kuka ta fito. Bakin gwangwanin dai ya yanke ta a tafin hannu. Ta tsotse, ta tofar, ta ci gaba.

* * *

Bayan la'asar Hussaini ya zo da batir a kafaɗa, ya yi sallama daga bakin ƙofar langa-langa.

"Malam Ummaru, a yi mani izini. Sama kawai zan taɓa, ba ƙasa ba."

Gwaggo ta miƙa hannu. "Makulli, Ummaru."

"Gwaggo, motar nan ta mutu."

"To ba ni, mu yi mata salla."

Ya bayar, don ya tabbata ba za ta tashi ba. In ma ta tashi, zai ji tsohon rugugin nan da zai tara unguwa a yi wa Haulatu dariya.

Hussaini ya ɗaura batir, ya zuba mai, ya murza. Ta yi tari. Ya sake. A na huɗu ta kama, ta yi jijjiga, ta fesa baƙin hayaƙi, sannan ta daidaita, tana wani lallausan gurnani kamar kyanwa ta ƙoshi. Hussaini ya zagaya baya ya toshe bakin salansar da tsumma, ya kasa kunne ko iska za ta tsira ta wurin ɗinkin. Shiru. Sai injin ne ya nemi shaƙewa, ya yi maza ya zare tsumman.

"Wallahi ko a gareji sai haka! Uwar Rauda, jibi kasuwa, da asuba zan fito da ita."

Wata daga bayan katanga ta rangaɗa guɗa. Rauda da Rufaida, ɗiyan marigayin, suka fito da gudu suna shafa motar. Gwaggo ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Allahu akbar. Ka ce Sabi'u ne ya dawo daga Kankia. Allah ya yi masa albarka."

Ba wanda ya kalli Ummaru, balle ya ga yadda fuskarsa ta koma. Ya taka ya zura hannu ta taga, ya murza makullin ta inda ba nan ba. Motar ta yi wata ƙara kamar ana yanka ƙarfe, matan katanga suka tuntsire da dariya. Ya murza baya, ta mutu. Ya zare.

"Tunda ta tashi, ashe dukiya ce," ya ce. "Dukiyar gado kuwa ba ta hawa titi sai an raba. Sabi'u bai bar namiji ba, ni ma ina da kaso."

"Ummaru, ka ji tsoron Allah," in ji Gwaggo.

Haulatu ta matso, hannunta naɗe da tsumma, jini ya ɓullo ta ciki. "To yaushe za a raba, Yaya?"

"In na samu lokaci."

"Su ci me kafin ka samu?"

Ya dubi yaran, har bakinsa ya motsa. Sai ya jefa makullin a aljihu ya bi ta gaban Hussaini, wanda ya sunkuya yana kwance batir ɗinsa. Ya fita, ya maka ƙofar langa-langar da ƙarfin da ya sa kajin gidan suka watse.