Faifan Ikrima a Gonar Gero

"Wanne ka ɗauka, Yaya? Na ce wanne!" in ji Ikrima.

"Duk wanda hannuna ya kai," in ji Basiru, ko ɗagowa bai yi ba daga kwanon ɗumame.

Ai duk Tsanyawa an san zancen Ikrima: yaron da ya jingine fartanya damina guda, wai yana haɗa wasan gem na kansa, na wani tsohon inji mai cin faifai. A kwamfutar aro wasa na tafiya lafiya lau, ɗan mutum na korar awaki. Da ya zuba a faifai ya sa wa inji, sai talabijin ta yi baƙi ƙirin. Ashe ba baza kayan wasan ake yi a faifai kamar shanya ba, ɗaure su ake dami guda, kowanne a gurbinsa. Ya gano wannan, sai wutar sola ta dinga ɗaukewa ana tsaka da zubi. Ya gyara, ashe kuma tsohon inji ba ya karanta aikin gaggawa, sai an zuba a hankali. Faifai kam sun mutu, har sun cika kwando.

Jiya dai faifai ɗaya ya yi aiki, Ikrima ya ɗiga masa jan fenti. Da yamma mai kwamfuta ya karɓe abarsa, ya goge komai. Wasan duk duniya a faifan nan kaɗai ya rage. Yau kuma Basiru ya kwashi faifai ya rataye a gona, ƙyallinsu ya kori tsuntsaye.

"Mai jan fenti ba a kwando yake ba, a cikin inji na bar shi!"

"Shi na fara cirowa. Na ɓalla shi biyu, rabi gabas, rabi yamma. Ya fi sauran walƙiya."

"Ka san shi ne mai aiki?"

"Wa bai ji ihunka ba jiya? Har jaki sai da ya amsa."

Ikrima ya juya wajen uwarsu. "Inna, kin ji fa."

Inna Larai ta ci gaba da tankaɗe. "Na ji. Tun shuka sai yau ka yi wa gidan nan rana. Me ya yi saura, Basiru?"

"Akwai injin. In ya sami riga da hula, zai yi mutum-mutumi."

Har ita ta tuntsire da dariya, gari na tashi. Ikrima ya rungumi injinsa, waya na jan ƙasa, ya fice ya maka ƙyauren langa-langa, garam!