Abin da Ya Kai Hafizu Kongolam

Saminu direban motar asibiti ne a Daura, takardar sakandare kaɗai gare shi. Ƙanensa Hafizu kuwa ya yi digiri, yana aiki a wani kamfani a Abuja, kuma kowa a gidansu da ke garin Babban Mutum ya san albashinsa ya ninka na Saminu nesa ba kusa ba. Shi ya sa da Hafizu ya zo hutun Sallah da 'yar jaka a rataye, ba atamfar Inna, ba ko takalmin yara, Saminu ya fara sa masa ido.

Sallah ta wuce, Hafizu bai koma ba. Da an kira shi a waya sai ya zagaya bayan rumbu yana magana ƙasa-ƙasa. Shatu, matar Saminu, ta ce mace ce a Abuja take lashe kuɗin. Saminu ya fi tsoron wani abu daban, don an gaya masa ana yawan ganin Hafizu a Kongolam, bakin iyaka, kuma ya san samarin da fasa-ƙwauri ya kai kurkuku.

Wata safiya ya ari babur ya bi shi daga nesa. Hafizu bai tsallaka iyaka ba. Shagon Hyginus ya shiga, wani Inyamuri mai sayar da kayan gyaran babur. Saminu ya ɗan jira, sannan ya leƙa. Sai ga ƙanen nasa a tsugune, hannu duk baƙin mai, yana jera sarƙoƙin babur a kwali.

"Me kake yi a nan?"

Hafizu ya miƙe a hankali. "Aiki nake koya, Yaya. Na bar Abuja."

"Ka bari ko an kore ka?"

"Na bari. Ɗakin da nake haya bai kai kicin ɗin Shatu ba, kuma sai na shiga mota biyu kafin in isa ofis. Ruwa ma saye nake. Kafin tsakiyar wata na koma shan gari. Kai nan kana da gona, kana kwana a gidanka."

Saminu ya juya wajen Hyginus. "Oga, gaskiya yake faɗi?"

Hyginus ya ɗaga kafaɗa. "Ni dai ya ce kar in gaya wa kowa. Sauran ban sani ba."

Tare suka koma gida a babur ɗin. Inna ta saurari bayanin, ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Da Hafizu ya fita alwala, Shatu ta matso kusa da mijinta.

"Ba wanda ke ajiye irin wannan albashi da kansa," ta ce. "Kana da lambar abokin nan nasa na Abuja?"

Saminu ya ce yana da ita. Ya daɗe yana juya wayar a hannu, bai kira ba, bai kuma mayar da ita aljihu ba.